Muryar Baba a Ƙofar Direba

Ni dai ban taɓa zama da mutum mai zurfin ciki irin Yaya Nababa ba, kuma ba na fatan in sake, domin zama da irinsu azaba ce ga mai baki irina. Ɗaki ɗaya muke kwana da shi a unguwar Nu'aija ta Doha, ɗakin direbobi da ke jikin ƙofar gidan kafil ɗinmu, wato ubangidan da ya ɗauke mu aiki. Shi ne babban direba, shi ke tuƙa maigidan, tsohon da kowa a gidan yake kira Baba. Ni kuwa Mudasiru, nawa aikin jigilar mata da yara ne: makaranta, asibiti, kanti, gidan biki, mu dawo a ce an manta jaka in sake komawa. Da yamma in na shigo ɗaki ina zazzaga ƙorafi, iyakar abin da zai ce shi ne, "To, Allah Ya kyauta," ya ci gaba da ninke tsummansa na goge mota.

Mutumin Malumfashi ne. A tasha ya tashi, ya yi karen mota, ya yi lodin hatsi zuwa Kudu, ya riƙe sitiyarin tirela har gashin kansa ya fara fari, sannan wani ɗan garinsu ya yi masa hanyar zuwa Doha. Ya zo tun ba a fara haƙa ramin jirgin ƙasa ba, tun rabin hanyoyin da muke bi yanzu suna fili. Larabcinsa ya nuna sarai, amma in yana yi sai ka rantse a kasuwar Funtuwa kake tsaye, don harshen Katsinanci bai sake shi ba. Matarsa Asibi tana gida da 'ya'ya mata, babbarsu Haulat tana karatun jinya, ga kuma tsohuwarsa da ke hannunsa. Duk wannan ba daga bakinsa na fara ji ba, sai da na riƙa tsinta a wayar da yake yi da gida.

Motar da yake tuƙawa ita ma tsohuwa ce, farar Land Cruiser da Baba ya saya sabuwa tun babban ɗansa Jasim yana makaranta. Garejin gidan cike yake da sababbin motoci masu allo kamar talabijin, amma Baba ba ya shiga ko ɗaya. Rediyon da ke cikin tsohuwar nan shi ne wanda ta zo da shi daga kamfani, mai bakin kaset da na faifai, lambobinsa kore-kore. Jasim ya taɓa cewa a cire shi a sa na zamani, Baba ya ce duk wanda ya taɓa rediyon nan ya haɗa da shi ya kai kasuwa. Daga ranar ba wanda ya ƙara tayar da maganar. Yaya Nababa kuwa ko wurin wanki ba ya yarda a kai ta, da hannunsa yake wanke ta, yana bin lungu-lungu da tsohon buroshin haƙori.

Da korona ta shigo, Baba ta fara kayarwa a gidan. Yaya Nababa ne ya tallabo shi ya sa a mota ya kai asibiti, tun ba a san abin da ke damunsa ba, don haka ba a jima ba shi ma ya kwanta. Aka kwashe shi aka killace. Ni na zauna ni kaɗai a ɗaki, gari a kulle, ba fita ba shiga, ina ta yi wa bango surutu. Da aka sako shi ya dawo a rame, na yi murna har da ƙwalla, wallahi ba kunya.

Sai dai murnar ba ta daɗe ba na fara jin haushinsa. In yi masa magana ya yi biris da ni. In sake, shiru. Na ce oho, wato mutum ya je ya leƙo lahira ya dawo shi ne zai fara wulaƙanta mutane? Na sha mur na kwana biyu, bai ma lura ba. Abin da ya farkar da ni shi ne wata asuba wayarsa tana ta kururuwa a gefen kansa, ni da ke can ƙarshen ɗaki na tashi, shi kuwa yana kwance kan kunnensa na hagu ko motsi bai yi ba. Mutumin da a da shi ke tashina! Bayan mun dawo masallaci na tare ƙofa na ce, "Yaya, yau sai ka gaya min abin da ke faruwa."

Sai ya ɗora yatsa a kunnensa na dama ya ce, "Wannan ya tafi. Likita ya ce ƙila ya dawo, ƙila ba zai dawo ba. Ka rufa min asiri, Mudasiru."

Dalilinsa a fili yake. Tunda Baba ya kwanta, gidan ya koma hannun Jasim, shi kuwa Jasim ba mugu ba ne, amma mutum ne da ba ya son mishkila. Ba zai zage ka ba, ba zai ci haƙƙinka ba, zai dai yi maka godiya ya miƙa maka tikitin komawa gida ya ce khalas, shi ke nan. Direban da ba ya jin maganar maigida, me za a ajiye shi ya yi? Yaya Nababa ya ce min, "In na koma yanzu, karatun Haulat ya tsaya. Ni kuma me zan je in yi a Malumfashi? In zauna a dakali ina kallon masu wucewa?" Ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon wannan ba.

Baba ya daɗe a asibiti kafin ya dawo, kuma bai dawo da muryarsa ba. Bututun da aka zura masa a maƙogwaro don ya yi numfashi ya lalata masa ita, sai raɗa kawai, raɗar ma sai ka kai kunne bakinsa. Mutumin da a da in ya kira Jasim daga falo mu da ke bakin ƙofa muke zabura. Da farko mutanen gidan sun yi ƙoƙari, suna sunkuyawa suna "Na'am? Me ka ce?" Daga baya suka gaji. Duk abin da ya raɗa sai a gyaɗa masa kai a kawo masa shayi. Na sha ganinsa ta taga, kofi a gabansa yana hucewa, shi yana kallon bango.

To ka ga haɗin da Allah Ya yi: maigida ba murya, direba ba kunne. Baba a baya yake zama, ɓangaren dama, daidai saitin mataccen kunnen. Yaya Nababa ya so ya riƙa karanta leɓɓansa ta madubi, ina! Lokacin kowa da takunkumi a fuska. Ga ƙarar esi, ga ta inji. Baba ya ce a kai shi masallaci, aka nufi hanyar gona da shi. Ya ce a rage sanyi, aka ƙara masa. Ranar da ya ce a tsaya zai yi fitsari ba a tsaya ba, ranar ce Jasim ya kira Yaya Nababa gefe ya ce, "Nababa, me ke damunka? Ka tsufa ne?" Ya ba da haƙuri ya dawo ɗaki, ya zauna bakin gado ko takalmi bai cire ba.

Na ce masa, "Haba Yaya! Ka fito ka faɗi gaskiya mana, ai ciwo ba sata ba ne." Ya ce, "To, Allah Ya kyauta." Wallahi kamar in shaƙe shi.

A masallacin Juma'a dabarar ta zo masa, bayan an sake buɗe masallatai. Ya ga liman ya maƙala ɗan ƙaramin makirfo a wuyan rigarsa, yana magana a hankali amma har sahun baya ana ji. Da muka dawo ya buɗe ƙofar direba ya tsuguna yana kallon lasifikar da ke jikinta. Ya ce, "Mudasiru, wannan a wane ɓangare take in na zauna?" Na ce hagu. Ya ce, "To, na hagun ai yana nan da ransa." Abin da yake so shi ne muryar Baba ta taso daga kujerar baya, ta bi ta cikin rediyo, ta fito ta ƙofar nan kaɗai. Matsalar ita ce tsohon rediyon ba shi da ƙofar da ake shigar da sauti daga waje, wadda masu gyara ke kira oks.

Ranar hutunmu muka tafi kasuwar Asian Town, muka nuna koren tambarin lafiya a wayoyinmu aka bar mu muka shiga. A can akwai Dramani, mutumin Zangon Kumasi, mai ɗan shagon kayan sauti na mota wanda in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fita. Bakinsa ya fi nawa gudu, shi ya sa muke shiri. Ya kalli hoton rediyon ya ce, "Wannan kakan rediyo ne, amma za a yi." Ya jero hanyoyi. Akwai kaset mai igiya da ake turawa a bakin rediyon, Yaya Nababa ya ce Baba zai ga igiyar tana reto. Akwai ɗan abin da ake soka wa a wurin kunna sigari ya aika sauti ta tashar rediyo, Yaya Nababa ya tambaya ko motar da ke kusa za ta iya kamawa, Dramani ya ce tana iyawa, shi kuwa ya ce a bar wannan, maganar maigidansa ba ta titi ba ce. Akwai kuma a buɗe cikin rediyon a yi masa walda da dalma.

"A'a," in ji Yaya Nababa. "Ba nawa ba ne. Ba za a yanke igiya ba, ba za a huda komai ba. Abin da zan sa, in an ce cire, in cire mota ta koma yadda na same ta."

Dramani ya yi dariya ya ce to saura hanya ɗaya. A bayan irin waɗannan rediyon akwai wani soket da kamfani ya bari don na'urar canza faifai, wadda yawancin masu mota ba su taɓa sawa ba. Ya ɗauko wani ɗan akwati da bai kai kwalin ashana biyu ba, ya ce in aka soka shi a nan, rediyon zai ɗauka na'urar faifan ce aka haɗa, ya buɗe wa duk sautin da ya biyo ta igiyar. Ya ce makirfo tsirara ba zai yi ba, muryarsa ba ta da ƙarfi, sai an haɗa da ɗan abin da ke ƙara mata ƙarfi, da wani kuma mai tace gurnanin inji. Yana cikin ɗaure kayan sai ya tsaya. Ya ce, "Tsaya tukuna. Makirfo a motar kafil? Ɗan'uwa, ni ban gan ka ba, kai ma ba ka san shagona ba."

Sai lokacin na hango abin da Dramani ya hango. A ƙasar mutane, baƙo ya ɓoye makirfo a inda maigida ke zama? Tun daga Asian Town har Nu'aija ina masifa a bas. Na ce za ka jawo mana ɗauri, ni da kai, don kowa ya san ɗakinmu ɗaya. Ya bari sai da na gaji, ko kuma dai na zauna masa ta dama ne, oho. Da muka sauka ya ce, "Ba ya naɗar komai. Daga bakinsa zuwa kunnena ne, kamar yadda yake a da. In kana tsoro, ba sai ka riƙe min fitila ba." Na ce wa ya ce maka tsoro nake ji? Haka na tsinci kaina a gareji.

Da azahar muka yi aikin, lokacin da zafi ke kwantar da duk mutanen gidan. Ya fara cire kan batir. Ya naɗe cokali da tsumma ya riƙa ɓanɓaro murfin da ya zagaye rediyon a hankali, yana bismillah duk sanda wani maƙali ya yi ƙas. Ni gumi har cikin ido, ina haska masa ina leƙen ƙofa. Ya kwance notocin da sifana lamba goma, ya zuba su a hularsa, ya zaro rediyon ya ɗora a kan tawul a cinyarsa. Ga soket ɗin nan kuwa a baya, ya sha ƙura, bai taɓa ganin amfani ba. Ya hure shi, ya soka ɗan akwatin, ya ɗaure shi a bayan aljihun gaba don kada ya yi ƙara a kan hanya. Igiyar kuwa ya bi da ita ta ƙarƙashin kafet, ta ƙarƙashin kujerar mai zaman banza, ta fito cikin aljihun bayan kujerar, inda ake sa kwalin tishu. A bakin aljihun ya maƙala makirfon, saitin fuskar Baba.

Ya mayar da batir ya ce in zauna a wurin Baba. Yana kunnawa motar ta saki wata irin ƙara, irin ta lasifikar masallacin unguwa in ladan ya matso da yawa. Na dafe kunnuwa na ce shi ke nan, mun tashi gidan! Ya yi maza ya rage. Ya danna maɓallin da ke karkatar da sauti, ya kwashe shi daga baya ya kawo gaba, ya kwashe daga dama ya kai hagu, har ya zama ƙofar direba kaɗai ke magana, ita ma ƙasa-ƙasa. Ya tayar da inji, ya kunna esi, ya kalli gaba kamar yana tuƙi, ya ce, "Faɗi wani abu, yadda Baba yake yi."

Na sa takunkumi na raɗa, "Yaya Nababa, ban taɓa ganin mai taurin kai irinka ba."

Ya ce, "Na ji ka sarai, marar kunya." Ya fashe da dariya, dariyar da rabona da ji tun kafin ciwon, yana yi yana goge ido da bayan hannu. Kafin mu rufe garejin ya nemo tashoshin Baba da suka goge saboda cire batir ya mayar da kowacce lambarta, ya kuma saita agogon motar daidai da na wayarsa.

Daga ranar abubuwa suka canza. Baba zai raɗa, Yaya Nababa ya amsa nan take. In Baba ya ce a kunna karatu, sai ya mayar da rediyon tashar Alƙur'ani, lokacin dama ba magana ake yi ba. In ya ga ta madubi tsohon ya gyara zama, sai ya danna ya koma wa makirfo. Fitar da a da ba ta wuce masallaci da asibiti sai ta koma zuwa gonar Baba ta Umm Salal kusan kullum, kuma hanyar da ni nake cinyewa kafin shayi ya huce su sai su yi ta jan ta. Matan gidan har tsokana suke wai Baba ya yi amarya a gona. Tsohon ya fara cin abinci, ya fara sa a gyara masa gemu.

Ni kuwa son jin gulma ya hana ni sakat. In ce, "Wai me yake gaya maka duk tsawon hanyar nan?" Ya ce, "Hira." In ce hirar me? Ya ce, "Ta tsofaffi." Fiye da shekara ina bugun cikinsa, ko kalma ɗaya ban samu ba. Ina jin haushi, amma can ƙasan raina ina girmama shi a kan wannan fiye da komai, don na san ni da ni ne da tuni rabin direbobin Nu'aija sun ji.

Haka aka tafi har gasar cin kofin duniya ta zo. Gari ya cika maƙil, an rufe wasu hanyoyi, an canza wasu, gidanmu kuwa ya zama masauki, dangi da abokan kasuwanci daga ƙasashen maƙwabta suna ta sauka. Ba mu da lokacin cin abinci. Wata safiya Yaya Nababa ya dawo da Baba daga asibiti, bai ko kashe inji ba aka ce yalla, maza ya ɗauki babbar bas ya tafi filin jirgi. Al'adarsa in zai sauka sai ya mayar da rediyon kan tasha, ranar gaggawa ta sa ya manta. Motoci suka ƙare, ga wani baƙo da matarsa suna jira a otal, sai Jasim ya ɗauki makullin tsohuwar motar da kansa.

Abin da ya faru a hanya daga baya muka ji. Baƙon ya zauna a wurin Baba, ya karkata wajen matarsa ya raɗa mata cewa duk motocin gidan nan a rasa wadda za a aiko musu sai wannan akwalar. Maganar ta fito tar daga ƙofa, daidai gwiwar Jasim.

Da la'asar aka kira mu tsakar gida, mu biyu. Motar tana tsaye, ƙofofi a buɗe, makirfon yana reto daga aljihun kujera. Ban taɓa ganin fuskar Jasim haka ba. Waya tana hannunsa, ya ce kafin ya kira 'yan sanda yana so ya ji abu ɗaya: wa ya sa a naɗi maganar mahaifinsa, kuma ina ake kai ta? Na ce a raina yau kashinmu ya bushe. Na buɗe baki zan fara rantse-rantse, Yaya Nababa ya ɗaga min hannu.

Wallahi na tabbata da a ce ɗauri kawai ne, da ya zaɓi ɗaurin a kan abin da zai faɗa. Ya cire hularsa ya ce, cikin Larabcinsa na Katsinawa, "Ba na ji da kunnen dama tun korona. Na ɓoye maka don kada ka sallame ni. Abin nan ba ya naɗa, muryar Baba kawai yake kawo min. Ban yanke komai ba, yanzu zan iya cirewa. Yaron nan ba ruwansa, ni na sa shi."

Jasim ya ce, "Wato laifi biyu ke nan."

Sai ga ƙarar sanda a kan tayil. Baba ne, wani ya kai masa labari. Ya tsaya yana raɗa wani abu, ba wanda ya ji. Jasim ya ce, "Yuba, koma ciki, zan yi maganin abin," yuba ɗin nan kuwa haka suke kiran uba. Baba bai ko kalle shi ba. Ya taka a hankali ya shiga mota ya zauna a wurinsa, ya nuna wa Yaya Nababa makirfon da kan sanda. Yaya Nababa ya mayar da shi bakin aljihu, ya murza makulli. Sannan Baba ya nuna wa Jasim kujerar direba. Jasim ya shiga ya zauna. Ni ina tsaye jikin ƙofar, don haka da kunnena na ji.

"Jasim," in ji ƙofar, muryar tsoho a shaƙe amma kowane harafi a fili. Jasim ya zabura ya kalli gwiwarsa. "Agogon motar nan tun kana saurayi yake latti. Ranar da na shigo na ga ya yi daidai na san an taɓa min mota. Na laluba na ga abin nan, na bar shi a wurinsa. Kana ji na?"

Jasim ya ce, "Ina ji, Yuba."

"To shayin da kuke ba ni sukari ya yi yawa. Tun da na dawo daga asibiti nake faɗa."

Jasim ya kifa kansa a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa. Yaya Nababa ya ja hannuna muka koma ɗaki, ya ce ba kyau a tsaya ana kallon mutum a irin wannan hali. Sun daɗe a cikin motar nan, inji yana aiki, baƙi suna jira a falo.

Ba a kira 'yan sanda ba, ba a kuma ba kowa tikiti ba. Bayan an gama gasar Jasim da kansa ya kai Yaya Nababa wurin likitan kunne. Aka kuma sayo wa Baba ɗan makirfo da 'yar lasifika da yake ratayawa a cikin gida, har ya koma yi wa jikoki faɗa, mai girki kuma ta rage sukari. Haulat tana nan tana karatunta. Ni na yi ta murna ina cewa ka gani, da ka bi shawarata tun farko da ba a kai ga haka ba, shi kuma ya ce Allah Ya kyauta.

Sai dai akwai abin da ban hango ba. Tunda ana jin Baba a gida, fita ta ragu. Zuwa gonar Umm Salal ya koma ranar Juma'a kawai, kuma Jasim ya ce shi zai riƙa tuƙa mahaifinsa, su biyu, a tsohuwar motar. Sai in ga Yaya Nababa a kan benci bakin ƙofa, tsumma a hannu ba abin gogewa, yana bin motar da kallo har ta sha kwana. Raina ya ɓaci. Na ce, "Ka gani ko? Kai ka yi wahalar, an ƙwace maka abokin hira." Ya ce, "Ubansa ne, Mudasiru."

Duk da haka ba Juma'ar da ba ya riga kowa zuwa gareji. Zai wanke motar, ya duba igiya, ya gyara zaman makirfon, ya tabbatar sautin yana ƙofar direba, sannan ya kira ni in zauna a baya a gwada. Juma'ar da ta wuce na zauna a wurin Baba, ya tayar da inji ya kunna esi ya kalli gaba, ya ce in faɗi wani abu. Na sunkuya na raɗa, "Yaya, kana kewarsa ko?"

Na ga idonsa ta madubi, na kuma san ya ji, don ni ma na ji maganar ta fito ta ƙofa. Sannan ya ce, "Yana aiki," ya kashe motar, ya goge makullin da tsumma ya tafi kai wa Jasim.